Aiki a Hannun Mata, Takarda a Hannun Maza: Sharhi kan Shugabanci a Tsakanin 'Yan Gudun Hijira

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yadda ake rabon abinci a sansanin 'yan gudun hijira, ko da a hoton talabijin ne, zai lura da wani abu da yake maimaituwa daga wannan ƙasa zuwa waccan. Ga dogon layi na mata, wasu da goyo, wasu da buhu a naɗe a hammata, sannan can gaba kusa da tebur ga maza 'yan ƙalilan riƙe da takarda suna kiran suna. Matan ne za su ɗauki kayan, su ne za su san dabarar da za a yi ɗan abin da aka samu ya kai ƙarshen wata, su ne kuma suka san gidan da aka tsallake da gidan da aka rubuta sau biyu. Sai dai takardar ba a hannunsu take ba. A ganina, duk maganar shugabancin mata a cikin al'ummar da yaƙi ya raba da muhallinta tana kwance ne a tsakanin wannan layi da wannan takarda.

Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen shekarar 2024 mutum fiye da miliyan 123 ne aka tilasta wa barin gidajensu a faɗin duniya. Mu a bakinmu dukkansu 'yan gudun hijira ne, amma doka ta raba su gida biyu: wanda ya tsallaka iyaka zuwa wata ƙasa yana ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta kare 'yan gudun hijira ta 1951, wanda kuwa ya gudu amma bai fita daga ƙasarsa ba, alhakinsa yana wuyan gwamnatinsa, abin da ya sa Tarayyar Afirka ta yi masa yarjejeniya ta musamman a Kamfala a 2009. Idan aka haɗa jimilla, mata da 'yan mata kusan rabi ne, ba su wuce haka da yawa ba. Amma jimilla tana ɓoye abin da ke faruwa a wurare ɗaiɗaiku. Lokacin da mutanen Sudan ta Kudu suka riƙa kwarara zuwa arewacin Yuganda a 2016 da 2017, fiye da kashi 80 cikin ɗari mata ne da yara, haka kuma mafi rinjayen waɗanda suka shiga gabashin Chadi tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: an kashe mazan, ko suna fagen fama, ko sun tsaya gadin gona da dabbobi, ko kuma sun zarce birni neman aiki. Saboda haka macen da jiya ba ta taɓa magana da jami'in gwamnati ba, yau ita ce mai gida, ita ce kuma za ta amsa tambayar mai rajista.

Kalmar nan ta “mata da yara” da rahotanni ke yawan amfani da ita tana da nata lahani, domin tana zaunar da babbar mace a sahu ɗaya da jaririn da take goye da shi, kamar dukkansu jiran a kula da su suke yi. Abin da ke faruwa a makonnin farko na kowace hijira ya saɓa wa wannan hoto. Kafin wata hukuma ta kafa ofis, akwai wadda ta riga ta tattara yaran da suka rabu da iyayensu a hanya ta rarraba su gidaje, akwai ungozomar da kowa ya san tantinta, akwai wadda ta tsara yadda za a bi layi a bakin famfo don a daina faɗa, akwai masu wankan gawa, akwai kuma uwar adashin da ake kai wa ɗan abin da aka samu daga sayar da wani ɓangare na abincin agaji. Babu wanda ya naɗa su, babu kuma takardar da ta san da su, amma duk wanda ke zaune a wurin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa da tsakar dare. A sansanonin Dadaab da aka buɗe a arewa maso gabashin Kenya a 1991, babbar barazanar da matan Somaliya suka fuskanta a shekarun farko ita ce fyaɗe a daji lokacin neman itacen girki, kuma su ne suka fi kowa sanin hanyar da take da haɗari da lokacin da bai kamata a fita ba. Sanin yana wurinsu tun farko, abin da ya ɗauki shekaru shi ne ya isa kunnen masu yanke shawara, har a kai ga kewaye unguwanni da shingen ƙaya, daga baya kuma a fara rabon itace.

Me ya sa wannan shugabanci na aiki ba ya zama shugabanci na hukuma? Amsar tana cikin yadda ake kafa mulki a sansani. Sojan da ya tarbi dubban mutane a rana guda, ko jami'in agajin da aka ba shi kwana uku ya raba buhuna, ba shi da lokacin bincike. Zai tsaya ya ce, “Ina shugabanninku?” Wanda zai fito kuwa shi ne wanda ya saba fitowa a gida, ko wanda ya iya harshen mai tambayar, ko wanda kawai ya fi kowa ƙarfin hali, kuma kusan kullum namiji ne. Abin da aka yi don gaggawa sai ya zauna ya zama tsari. Misali mafi bayyana shi ne na 'yan Rohingya fiye da 700,000 da suka tsere daga Miyanma zuwa yankin Cox's Bazar na Bangaladash daga watan Agustan 2017. Sojojin Bangaladash sun naɗa wakilan unguwanni da ake kira majhi domin su taimaka wajen rabon kaya da isar da saƙo, ba tare da zaɓe ba, kuma kusan dukkansu maza ne. Cikin ɗan lokaci majhi ya zama ƙofar shiga komai, shi ke kai suna, shi ke sasanta rikicin aure, shi ke faɗin wanda ya cancanci taimako, ƙorafe-ƙorafe kan son kai da karɓar na goro kuwa ba su daɗe ba suka biyo baya. A 'yan wuraren da aka gwada zaɓe a maimakon naɗi, mata sun tsaya kuma sun ci kujeru, abin da ke nuna cewa matsalar tun asali ba rashin masu iyawa ba ce.

Hukumomin duniya ba su jahilci wannan ba. Tun 1991 UNHCR ta fitar da ƙa'idojin kare mata 'yan gudun hijira, a watan Oktoban 2000 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325 kan mata da zaman lafiya, sannan a 2001 UNHCR ta ɗauki alkawura biyar: a yi ƙoƙari mata su riƙe rabin kujerun kwamitocin gudanarwa, a yi wa kowace mace rajista da sunanta, a tsara hanyar yaƙi da cin zarafi, mata su shiga tafiyar da rabon abinci da kayayyaki, a kuma riƙa ba su ƙyallen al'ada a matsayin buƙata ta yau da kullum. Shekara guda bayan haka, a 2002, wani bincike da UNHCR da ƙungiyar Save the Children suka gudanar a Gini da Laberiya da Saliyo ya tona yadda wasu ma'aikatan agaji da masu faɗa a ji a sansanoni ke neman 'yan mata da lalata kafin su ba su abinci ko leda ta rufin ɗaki. Wannan abin kunya ya koyar da darasin da ya kamata a ce an sani tun da daɗewa, cewa wanda yake riƙe da takardar rabo yana riƙe da wuyan mai jin yunwa. Shi ya sa a cikin alkawuran nan biyar, wanda ya fi kama da aikin ofis, wato rajista da sunan mace, shi ne a ganina ya fi sauran nauyi. Macen da sunanta ke ƙarƙashin na mijinta a kati ɗaya, ranar da ya sake ta ko ya ƙara aure ko ya sayar da katin, ta rasa abinci da shaida a lokaci guda, kuma wadda ba ta da tabbacin abincin gobe ba za ta miƙe a taro ta yi jayayya da kowa ba.

Maganar rabin kujeru kuwa ta yi amfani, amma ba irin amfanin da rahotanni ke nunawa ba. Kujera abu ne mai sauƙin ƙirgawa, shi ya sa masu bayar da kuɗi ke son ta. Idan aka duba ciki sai a tarar shugaban kwamiti namiji ne, magatakarda namiji ne, mace kuwa mataimakiya ce ko “mai kula da harkokin mata”, muƙamin da sau da yawa ma'anarsa ita ce a kira ta idan an zo maganar tsafta da haihuwa, a sallame ta idan an zo maganar fili da tsaro da kwangila. Ko a Yuganda, wadda dokarta ta 2006 ta ba ɗan gudun hijira damar aiki da zirga-zirga, ake kuma ba shi ɗan fili ya noma, inda majalisun jin daɗin 'yan gudun hijira suke hawa uku kuma da zaɓe ake cika su, kujerar shugaba ta fi yawan faɗawa hannun maza. Akwai kuma abubuwan da ba a rubuta su a dokar zaɓe ba amma su ne ke tace 'yan takara. Aikin kwamiti ba a biya, ko kuma abin da ake bayarwa bai taka kara ya karya ba, alhali kowace sa'a da mace ta yi a zaure ana taro, sa'a ce da ta bar layin ruwa da tukunya da yaro mara lafiya. Ana yin taron da harshen hukuma, ana rubuta bayaninsa da harshen hukuma, a ƙasashen da aka fito kuwa 'ya'ya mata ne aka fi cirewa daga makaranta. Idan tafinta namiji ne daga cikin unguwar, akwai maganar da ba za ta taɓa fita daga bakin mace a gabansa ba.

Bai kamata kuma a ɗauka cewa “mata” jinsi ɗaya ne mai buƙata ɗaya ba. Wadda ta fi saurin samun kujerar ita ce matar tsohon mai gari, ko tsohuwar malamar makaranta, ko wadda ta fito daga ƙabila mafi rinjaye, kuma ba dole ba ne ta san halin bazawarar da ke ƙarshen sansani ko nakasasshiyar da ba ta iya zuwa layi. Mace ma tana iya fifita danginta a rabo kamar yadda namiji ke yi. Hujjar ba mata shugabanci ba wai sun fi maza tsarki ba ce, hujjar ita ce su ne suka fi sanin abin da ake yanke hukunci a kansa, kuma su ne hukuncin ke fara faɗawa a kai.

Akwai wani ɓangare da masu fafutika ba su cika son taɓawa ba, wato halin da maza ke shiga. Wani mai bincike, Simon Turner, ya zauna da 'yan Burundi a sansanin Lukole na Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1990, ya ji mazan suna kukan cewa matansu sun daina ganin girmansu domin UNHCR ta zama “miji mafi kyau”, tunda ita ke ciyarwa, ita ke tufatarwa. Mutumin da darajarsa ta ginu a kan gona da garke, ya wayi gari yana zaune a inuwa ba aiki, yana kallon ana kiran matarsa taro ana ba ta kati da sunanta, yana iya ganin shirin tallafa wa mata a matsayin ƙarin gishiri a kan gyambo. Wannan ba uzuri ba ne ga mai dukan matarsa, amma shirin da ya yi kamar bai san da shi ba, ya bar macen ita kaɗai ta biya kuɗinsa a cikin ɗaki bayan ma'aikatan agaji sun shiga motarsu sun koma gari kafin magariba. Shugabar mata a sansani tana ɗaukar tsegumi, ana jifanta da zargin lalata da ma'aikata, a wasu wurare ma, kamar sansanonin Rohingya, masu ɗauke da makamai sun yi wa matan da ke aikin sa kai barazana don su zauna a gida.

Batun kuɗi gajere ne, domin labarinsa ɗaya ne a ko'ina. A taron jin ƙai na duniya da aka yi a Santambul a 2016, manyan masu bayar da agaji sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon iko, kuma ba a cika alkawarin ba. Ƙungiyar matan da ke gudun hijira tana can ƙarshen layi, domin a ƙasashe da yawa ba za ta iya yin rajista ba, ba rajista ba asusun banki, ba asusun banki ba tallafi. Ga shi kuma mafi yawan 'yan gudun hijirar duniya ba a sansani suke ba, a birane suke, inda babu kwamitin da za a raba kujerunsa, sai irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi da ke taruwa a ɗakin haya.

Wurare biyu ne, a iya sanina, suka fi nuna iyakar abin da mata za su iya kaiwa da kuma inda abin ke karyewa. Na farko shi ne sansanonin Sahrawi da ke kusa da Tinduf a hamadar kudu maso yammacin Aljeriya. Tun daga ƙarshen 1975, lokacin da mutanen Yammacin Sahara suka gudu daga mamayar Maroko da Muritaniya, mazan suna fagen daga tare da ƙungiyar Polisario mai fafutukar neman 'yancin yankin, matan ne suka kafa tantuna, suka tsara unguwanni, suka buɗe makarantu da ɗakunan shan magani, suka tafiyar da rabon abinci har tsawon shekara goma sha shida. A nan takardar da kanta tana hannunsu, ba don wata hukumar waje ta sa sharaɗi ba, sai don babu wanda zai riƙe ta in ba su ba, kuma an kafa makaranta ta musamman, wadda ake kira 27 ga Fabrairu, domin horar da su. Da aka tsagaita wuta a 1991 maza suka dawo, kuɗi da kasuwanci suka shigo, sai ma'aunin ya fara sauyawa. Har yau mata suna da ƙarfi a mulkin unguwanni da gundumomi, amma can sama, inda ake yanke shawarar yaƙi da sulhu, maza ne suka fi yawa. Abin da shekarun nan suka bar musu shi ne ilimi da gogewa, waɗanda ba a iya karɓewa daga hannun mutum kamar yadda ake karɓe kujera.

Na biyu shi ne na 'yan Gwatamala, akasarinsu manoma 'yan asalin ƙabilun Maya, da suka tsere zuwa kudancin Meziko a farkon shekarun 1980 saboda kisan ƙare dangi da sojoji ke yi a ƙauyuka. Waɗanda aka yi wa rajista sun kai kimanin 46,000. Da yawa daga cikin matan sun iso ba su jin Sifaniyanci, ba su iya karatu ba, kuma ƙabilunsu ma ba sa jin harshen juna. A 1990 suka kafa ƙungiyar Mama Maquín, sunan wata dattijuwa da sojoji suka kashe a garin Panzós a 1978 tana cikin masu neman haƙƙin gonakinsu. Suka buɗe ajin yaƙi da jahilci, suka zaga sansanoni suna tambayar mata abin da suke so, sannan suka ɗora idonsu a kan abu guda da suka gane shi ne tushen komai: idan an koma gida, a rubuta sunan mace tare da na mijinta a takardar mallakar fili. Al'ummar nan ta yi abin da ba a saba gani ba. Yawanci yarjejeniyar mayar da 'yan gudun hijira gida tsakanin ɓangarori uku ake ƙulla ta, ƙasar da aka fito da ƙasar da aka sauka da UNHCR, su kuwa masu komawar sai dai su ji a rediyo. Su 'yan Gwatamala wakilansu ne da kansu suka zauna da gwamnati suka sa hannu a ranar 8 ga Oktoban 1992, aka fara komawa a ƙungiyance a watan Janairun 1993. Wakilan nan kusan dukkansu maza ne, amma matan sun matsa har aka amince, a ƙa'ida, cewa babu abin da ya hana mace zama abokiyar mallaka.

Abin da ya biyo baya shi ne ya kamata duk mai tsara shirin shugabancin mata ya yi nazari a kai. A Meziko akwai UNHCR da ƙungiyoyin sa kai da ke tsaya wa matan, akwai abincin agaji da ya rage musu wahalar yini, gidaje kuma suna kusa da juna, taro bai da wuya. A gida kuwa an sauke su a ƙauyuka masu nisa da juna, a dajin da sai an sare an gina komai daga farko, aikin ya cinye lokacin taro, ƙungiyoyin da ke mara musu baya suka ragu, wasu mazan da suka yi shiru a gudun hijira suka ce yanzu an dawo gida, a koma yadda aka saba. Filayen an saye su ne da sunan ƙungiyoyin gama kai na manoma, zama mamba kuma yana tafe da kuɗin shiga da kwanakin aikin gayya na sassabe da gini, ba a kuma lissafa girki da ɗiban ruwa da renon yara a cikin aikin. A ƙauyuka da yawa, da aka buɗe littafin mambobi, suna ɗaya aka rubuta wa kowane gida, sunan maigida, mace kuwa ba ta shiga ba sai in mijinta ya mutu ko kuma tun farko ita kaɗai ke riƙe da 'ya'yanta.